Yadda Ake Makin Takardun Jarrabawar Lissafi a Sakandare

Yara biyu a aji ɗaya za su iya faɗuwa amsar ƙarshe a tambaya ɗaya, amma ɗaya ya cancanci maki biyar cikin shida, ɗayan ko guda bai cancanta ba. Na farko ya san hanya kuma ya bi ta, a layin ƙarshe ne ya ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu. Na biyu bai ma gane inda tambayar ta dosa ba. Malamin da ke duban layin ƙarshe kaɗai, ya zabga musu jan kuros iri ɗaya, ya cuci na farko, kuma bai gano ciwon na biyu ba. Makin lissafi bin sawun yaro ne layi bayan layi, a ba shi hakkin kowane taki da ya yi daidai, kuma da mudu ɗaya za a auna wa kowa tun daga takardar farko har ta ƙarshe. Ga yadda ake yi.

Ka fara rubuta jarrabawar da kanka

Kafin ka kwance ƙunshin takardun, ɗauki takardar tambayoyin da aka raba wa yara, ainihin wadda aka buga, ka amsa ta da biro tun daga farko har ƙarshe, ko da kai ne ka fitar da tambayoyin. Kada ka tsallake layi don kana ganin abu ne mai sauƙi. A nan ake kama lambar da mai bugawa ya canza, da alamar ɗebewa da ta ɓace wajen hoto, da zanen da bai yi daidai da bayaninsa ba. In ka tarar wata tambaya ta lalace, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Ku zauna da shugaban sashe ku tsayar da magana ɗaya: ko a cire ta ga kowa a rage jimillar maki, ko a yi makin bisa abin da aka buga.

Bayan ka amsa, koma kan kowace tambaya ka tambayi kanka ta wace hanya kuma yaro zai iya biyowa. Wanda ya taso daga wata makaranta, ko mai zuwa lesin da yamma, zai zo maka da hanyar da ba ka koyar ba. In dai hanyar ingantacciya ce, makinsa cikakke ne.

Raba makin: M da A da B

Tsarin da masu makin WAEC da NECO suka saba da shi shi ne ya fi dacewa ka ɗauka, domin can yaranka za su je. Haruffa uku ne. M makin hanya ne, ana ba da shi idan yaro ya ɗauko dabarar da ta dace ya ɗora ta a kan lambobin tambayar, ko da lissafin ya karkace daga baya. A makin dacewa ne, na amsar da ta fito daidai, kuma yana rataye ne a jikin M: in M ya faɗi, A ɗin da ke bayansa ya faɗi tare da shi. B kuwa mai zaman kansa ne, ana ba da shi ga abu guda da ya zo daidai ba tare da an nemi hanyarsa ba, kamar karanta lamba daga giraf ko faɗin wata ƙa'ida ta da'ira.

Ɗauki wannan tambaya mai maki biyar: a warware 2x² − 5x − 3 = 0. A takardarka ta rabon maki za ka rubuta M1, wato makin hanya ɗaya, ga ƙoƙarin fitar da faktoci, A1 idan ya samu (2x + 1)(x − 3) = 0, M1 idan ya daidaita kowace baka da sifili, sai A1 ga x = 3 da A1 ga x = −½. A ƙasa ka rubuta hanya ta biyu, ta fomula, da rabonta: M1 ga zuba lambobi cikin fomular da take daidai, A1 ga samun 49 a ƙarƙashin alamar tushe da 4 a ƙasa, M1 ga raba amsar gida biyu, sannan A1, A1. Dole jimillar hanyoyin biyu ta zo ɗaya.

Yanzu ga yarinya ta rubuta (2x − 1)(x + 3) = 0, ta ci gaba ta samu x = ½ da x = −3. Ta san me ake nema, alamomi ne suka juye mata. Nata M1 A0 M1 A0 A0, maki biyu. Wani kuma ya bi fomula amma ya rubuta b² + 4ac maimakon b² − 4ac. Wannan fomular ce bai sani ba, don haka M0, kuma A ɗin da ke biye ba su da wurin tsayawa. Na uku ya rubuta x = 3 ko −½ tsurarsu, babu layi ko ɗaya a sama. Kalkuletocin yanzu suna fitar da wannan amsa da danna maɓalli kaɗan, maƙwabcin benci ma yana fitar da ita. A takardar tiyori, inda aka ce a nuna aiki, amsa tsurarta ba ta da maki. Amma adalci shi ne yara su ji wannan daga bakinka tun makon farko na zango, su kuma gan shi a gwaje-gwajen aji.

Girman makin tambaya ya bi yawan matakanta. A jarrabawar lissafi ta gama-gari ta WAEC, takarda ta farko tambayoyin canki-canka ne guda 50, ta biyu kuma tiyori ce mai maki 100: tambayoyi biyar na dole masu maki 40, sai a zaɓi biyar cikin takwas masu maki 60. Wato ƙaramar tambaya maki 8, babba 12. In kana shirya 'yan SS2 da SS3, gina rabon makinka a kan wannan siffa domin idonsu ya saba.

Kuskuren da aka jawo daga baya

Wannan wurin ne malamai suka fi saɓani, don haka zan ɗan daɗe a kai. A ce tankin ruwa ne mai siffar gwangwani, faɗin bakinsa mita 7, tsayinsa mita 4, π kuma 22/7. Kashi na (a) a nemo yawan ruwan da yake ci. Kashi na (b), in famfo yana zuba mita kubik 7 a awa ɗaya, awa nawa zai ɗauka ya cika shi? Amsa: rediyos, wato rabin faɗin bakin, mita 3.5, tanki yana cin mita kubik 154, famfo zai yi awa 22.

Yaro ya manta bai raba 7 biyu ba, ya zuba ta a matsayin rediyos, ya samu 616. Da ya zo (b) ya raba 616 da 7 ya samu awa 88. A (a), in rabonka B1 ne ga rediyos, M1 ga zubawa cikin fomula, A1 ga amsa, to nasa B0 M1 A0. A (b) fa? Abin da aka nema ya sani shi ne a raba yawan ruwa da saurin famfo, kuma ya yi. M1 nasa ne babu gardama. Maganar A ɗin ƙarshe ce ke bukatar shawara. Wasu hukumomin jarrabawa, irin ta Cambridge, suna sa alamar FT a irin wannan wuri, ma'ana a bi yaro da lambarsa, in ya sarrafa ta daidai a ba shi. Wasu tsare-tsaren kuma suna tsayawa a M kawai. A jarrabawar cikin makaranta ni ina goyon bayan a bi shi, domin kuskure ɗaya ya yi, bai kamata a hukunta shi sau biyu ba. Kowanne ka zaɓa, rubuta shi a takardar rabon maki kafin ka fara, ka tsaya a kai. Wannan yana nufin kalkuleta na kusa da kai, domin sai ka sake lissafin da lambar yaron kafin ka san ko ya bi ta daidai. Aiki ne, amma babu wata hanya.

Sharaɗi ɗaya ne: in kuskuren farko ya mayar da tambayar wasan yara, ko ya haifar da abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar tsawo mai alamar ɗebewa ko yiwuwar aukuwa da ta haura 1, ba a bin sa.

Gwada tsarin kafin ka saki jiki

Zaro takardu kamar goma daga wurare daban-daban na ƙunshin, ka yi musu maki da fensir. Za ka ga abubuwan da ba ka yi zato ba: wata hanya ta uku, wata fahimta ta daban da tambayar ta ba da ƙofa a kai. Gyara tsarinka, sannan ka mayar da goman nan cikin sauran.

In ku biyu ne ko uku kuke koyar da ajin SS2 daban-daban, wannan zama ya zama dole. WAEC, wadda aka kafa tun 1952, da NECO da ta zo a 1999, ba sa miƙa wa mai makin takardu sai ya halarci taron daidaitawa da ake kira kodineshan. A can ake tattauna tsarin makin, kowa ya gwada hannunsa a kan kwafin takardu iri ɗaya, a ga inda aka bambanta, daga baya kuma shugaban tawaga ya riƙa zaro wasu daga cikin waɗanda ka yi yana sake dubawa. Ku yi ƙaramin irinsa a ofishin malamai: a yi hoton takardu uku, mai ƙarfi da matsakaiciya da mai rauni, kowa ya yi makinsa a ɓoye, sannan a baje. In tazarar ta wuce maki biyu ko uku, akwai layin da ba ku fahimta iri ɗaya ba, ku nemo shi. Mafi kyau ma ku raba tambayoyin, wane ya ɗauki ta ɗaya zuwa ta huɗu a duk azuzuwan, wance ta ɗauki sauran.

Zaman makin

Yi tambaya ɗaya a duk takardun kafin ka koma ta biyu. Ya fi sauri domin tsarin yana zama a kai, kuma ya fi adalci domin kana tuna abin da ka ba wanda ya yi irin wannan kuskuren ɗazu. Naɗe bangon da ke ɗauke da suna ta baya. Dukanmu mun san yaron da muke sa ran zai ci da wanda muka riga muka cire rai da shi, kuma hannu yana bin zuciya ba tare da mutum ya lura ba. Idan ka gama tambaya ɗaya, juya ƙunshin ka faro daga ƙasa, kada kullum mutum ɗaya ne zai same ka a gajiye. Da ka ji kana karanta layi sau biyu ba ka fahimta ba, ajiye biron ka tashi.

Jan biro za ka riƙe, domin ya fita daban da rubutun yara. Rubuta M1, A0, B1 a gefen dama daidai layin da aka samu ko aka rasa makin. Ja layi a ƙarƙashin ainihin wurin da kuskure ya fara, ko ka kewaye shi. Jimillar tambaya ka sa ta cikin da'ira a ƙarshenta. Duk shafin da ka duba ya kasance da alamar jan biro, shafin da babu komai kuma ka ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa, saboda kada a ƙara rubutu bayan an mayar da takarda. Ka buɗe har bangon baya. Yara da yawa suna fara tambaya ta shida a shafi na uku, su gudu, su dawo su ƙarasa ta a shafin ƙarshe ƙarƙashin ta tara, ba tare da sun rubuta lamba ba.

Ga matsalolin da za su yi ta dawowa. Idan yaro ya kwafi tambaya da kuskure, misali ya mayar da −3 ta zama +3 a tambayarmu ta sama, kuma hakan bai sauƙaƙa aikin ba, cire maki ɗaya ka bi shi da abin da ya kwafa. Idan ya gajarta lamba tun a tsakiyar aiki, nan ma akwai hukunci: sin 40° yana ba da 0.6428, a ninka da 80 a samu 51.4, amma wanda ya yanke ta zuwa 0.6 zai ƙare a 48. M nasa ne, A ya tafi. Rashin rubuta ma'auni, mita ko digiri ko alamar naira, maki ɗaya ake cirewa kuma sau ɗaya a tambaya, ba a kowane layi ba. In an ce a ba da amsa a lambobi biyu bayan ɗigo ya kawo huɗu, A na ƙarshe ne kawai ya rasa. In ya amsa tambaya sau biyu ya soke ɗaya, bi wadda bai soke ba. In ya soke bai kawo wata ba kuma ana iya karantawa, ni ina dubawa in ba shi abin da ya samu. Wanda ya amsa fiye da adadin da aka ce a zaɓa, ku tsayar tun farko ko na farkon za a ɗauka ko waɗanda ya fi ci, a yi wa kowa haka.

Akwai kuma amsar da ta fito daidai ta hanyar banza. Yaro zai rage 16/64 ta hanyar soke 6 ta sama da 6 ta ƙasa, ya samu ¼, kuma ¼ ɗin ce amsa. Wannan M0 A0 ne, kuma ka rubuta masa dalili a gefe, in ba haka ba zai tafi da wannan dabara har zauren WAEC.

Kada ka hukunta Turanci a takardar lissafi. Yawancin yaranmu da Hausa suke tunani, sannan su juya zuwa Turanci a kan takarda. In an ce ya ba da dalili a tambayar da'ira, ya rubuta jimla karyayya amma ana gane cewa yana nufin kusurwar tsakiya ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'ira, ba shi makinsa. Haka rubutun hannu. In 1 ɗinsa tana kama da 7, duba yadda ya yi amfani da ita a layi na gaba kafin ka yanke.

Giraf da zanen kamfas

Waɗannan ba a yi musu makin da ido kawai. Zana naka a tsanake, ka kwafe shi a takarda mai shara-shara, ka riƙa ɗorawa a kan na yara. Raba makin giraf gida-gida: teburin lambobi, sikeli, ɗiga wurare, lanƙwasar layi, sai karanta amsa. Wanda ya canza sikelin da aka ba shi ya rasa makin sikeli, amma takardarka mai shara-shara ba za ta yi aiki a kansa ba, sai ka bi ɗigoginsa ɗaya-ɗaya. Wanda ya haɗa ɗigogin giraf mai lanƙwasa da rula ya rasa makin layi. Amsar da aka karanto daga giraf kuwa daga giraf ɗinsa za ka duba ta, kuma ka ba da ɗan sassauci sama da ƙasa wanda ka riga ka rubuta.

A zanen kamfas, sawun kamfas ɗin shi ne aikin. Kusurwa mai digiri 60 da ta fito cif amma babu 'yan bakan da kamfas ya bari, da abin auna kusurwa aka yi ta, ba ta da makin hanya. Sassaucin milimita ɗaya a tsawo da digiri ɗaya a kusurwa ya wadatar. Ka gaya wa yara su daina goge waɗannan layuka don neman tsabta, makinsu suke gogewa.

Tarawa da shigarwa

Maki da yawa a nan suke ɓacewa, bayan an gama wahalar duka. Kwafe makin kowace tambaya zuwa bangon gaba, ka tara daga sama zuwa ƙasa, sannan ka sake tarawa daga cikin shafuka. In sun saɓa, akwai tambayar da ka tsallake. Wajen shigarwa a takardar sakamako, samu abokin aiki yana karanto suna da maki kana dubawa, musamman a ajin da ke da masu suna iri ɗaya uku ko huɗu. Yi amfani da lambar shiga makaranta. Kada ka ba ɗalibai wannan aiki, ko da shugaban aji ne.

In jarrabawar kan 100 ka yi ta, makaranta kuma tana son ta kan 60 domin a haɗa da CA, wato makin gwaje-gwajen cikin zango, mai 40, ninka da 0.6. Mai 73 ya koma 43.8. Bar ta haka ka haɗa da CA, sai a jimillar ƙarshe ka cike ta zuwa cikakkiyar lamba, sau ɗaya. Yawancin makarantu suna bin ma'aunin darajar sakamako mai A1 daga 75, C6 daga 50 zuwa 54, F9 ƙasa da 40. Tunda C6 ce iyakar kiredit, kuma kiredit a lissafi ne ke buɗe ƙofar karatun kimiyya da injiniyanci da likitanci, sake duba takardun da suka tsaya a 48 da 49, har da masu 50 da 51. Kana dubawa ne ko ka yi kuskure, ta kowane ɓangare. In 49 ce ta gaskiya, bar ta 49. Za a zo maka da roƙo, wani lokaci daga wanda kake jin nauyinsa, a ce Malam a taimaka wa yaron nan. Yaron da aka ɗaga a SS2 zai je ya gamu da mai makin da bai san gidansu ba, a lokacin da gyara ya wuce. Taimakon da za ka iya yi masa shi ne ka zauna da shi a kan takardar.

Idan ka ga takardu biyu da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, irin kuskuren da ba a saba gani ba, kada ka rubuta zargi a kai. Yi makinsu yadda suke, ka ware su, ka kai wa jami'in jarrabawa tare da tsarin zaman ɗakin.

Mayar da takardu

Tun kana makin, ajiye wata takarda a gefe kana ɗiga kurakuran da ke maimaituwa: nawa suka juya alama wajen cire baka, nawa suka ɗauki faɗin da'ira a matsayin rediyos, wace tambaya ce kowa ya guje mata. In kashi biyu cikin uku na aji sun faɗi abu ɗaya, darasin ne ke bukatar a sake shi ta wata hanya. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu makinta a kan kowace jarrabawa, inda ake bayyana wuraren da ɗalibai suka yi rauni. Nemo na lissafi ka gwada da abin da ka tara.

Mayar da takardun da wuri, tun yara ba su manta abin da suka rubuta ba. Miƙa wa kowa tasa a hannu, ba tare da shelar maki ba. Rubuta rabon makin tambaya biyu ko uku a allo da M da A ɗinsu, domin su ga da idonsu cewa layin da suke ƙyashin rubutawa maki ne. Ka ce kowa ya ajiye biro ya tara makinsa da kansa. Mai ƙorafi ya rubuta lambar tambayar a bango ya dawo maka da takardar kafin ya fita daga aji. Ka duba ta a ofis da tsarin makin a gabanka, in yana da gaskiya ka gyara a takardarsa da takardar sakamako, ka sa hannu a gefen gyaran da kwanan wata.